Kama Da Wane Ba Ta Wane

Na san duk wadda ta leƙa wannan shafi ta ga ana zancen gita da wani ɗan akwatin ƙarfe da ake takawa da ƙafa, cewa za ta yi, to ina ruwan biri da gada? Ki yi haƙuri 'yar'uwa ki ɗan biyo ni. Zancen kayan ɗaki ne ya jawo shi, kayan ɗaki kuwa babu wadda bai shafa ba a cikinmu, ko dai an yi miki, ko kuma za ki yi wa wata.

Ni dai a Nasarawa aka haife ni, nan Kaduna ta ƙetaren kogi, maƙwabtan Kakuri. Yaran yanzu in kin ce musu unguwar nan da jiniya take tashi daga barci, sai su ɗauka tatsuniya kike yi musu. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, zamanin Sardauna, sai wasu masaƙun suka yi ta biyo baya, su UNTL da Arewa, ga kuma kamfanin haɗa motar Peugeot da ya zo a 1975. Mutane suka yi ta kwararowa daga ko'ina neman aiki. Gidan hayar da na tashi ɗakuna goma sha biyu ne a jere suna kallon juna, kuma babu ƙabilar da babu: mu Hausawa, ga Bajju, ga Katafawa, ga Tibi da Idoma, ga Nufawa, ga wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da alale. Lokacin canjin aiki in ya yi, titi cika yake da kekuna, maza suna dawowa da burbushin auduga a gashin kansu kamar sun yi furfura a wuni ɗaya.

Babanmu yana cikinsu. Daga ƙasar Zazzau ya zo a 1973, yana saurayi, ya samu aiki a ɗaya daga cikin masaƙun, ɓangaren injin saƙa. Abokin ɗakinsa na farko wani ɗan Idoma ne mai gita, a wurinsa ya koya. Lokacin kuwa kiɗan hailaif ne yake tashe, gidan da duk ke da garmaho za ki ji faifan Rex Lawson ko Joromi na Victor Uwaifo, daga baya a 1976 Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga ta zo ta rufe ko'ina. A nan Kaduna ga marigayi Bala Miller da ƙungiyarsa suna yin irin wannan kiɗa da harshen Hausa, har ana nuna su a talabijin. To su Baba ma sai suka haɗa 'yar tasu ƙungiyar ta ma'aikata, mutum shida, ranar Asabar su je su yi wasa a wurin biki ko suna ko taron sallamar wani babban ma'aikaci.

A 1978 Baba ya shiga adashen ma'aikata, da kwasarsa ta zo ya haɗa da ɗan abin da ya tara ya sayi amfilifaya a hannun wani makaɗi da zai koma Legas. Wannan akwati da shi na buɗe ido na gani a kusurwar ɗakinmu. Baƙi ne, gabansa an ja masa wani yadi mai ƙyalli kamar azurfa, da suna Fender a manne a jiki, ga wata 'yar fitila ja kamar dutsen zobe. Nauyi gare shi kamar buhun masara rabi, sai an kama wa mutum. In kin leƙa bayansa wasu 'yan kwalabe ne a jere, in an kunna sai sun ɗan jima kafin su yi ja kamar garwashi, sannan ne zai yi magana. Da sanyin hunturu ni da yayana a bayansa muke ɗumama hannu, Inna tana korarmu kada wuta ta ja mu. Har yau in na ji warin ƙurar da ta yi zafi, kamar in an kunna tsohon dutsen guga, ɗakin nan nake tunawa.

Sautinsa kuwa ban san yadda zan kwatanta miki ba. Ba ya tsawa, ba ya soka kunne. Zagaye yake fitowa, da ɗumi, kuma kowane bugu yana da wata 'yar jela da take binsa, kamar kin yi magana a bakin rijiya.

Sai dai da na fara wayo abin ya zame mini abin kunya. Kin san halinmu, makaɗin gado ma da kalangu yaya aka ƙare da shi wajen neman aure, balle mai gita, wanda a idon mutane ba shi da maraba da ɗan otal. Baba ko sigari bai taɓa sha ba, sallar asuba ba ta wuce shi a masallaci, amma duk da haka a makaranta sunana 'yar mai gita. In muka yi faɗa da yarinya, da shi za ta rufe mini baki. Saboda haka lokacin da wanda na aura ya fara zuwa zance, ranar da aka ce 'yan'uwansa mata za su shigo gaida Inna, sai na tsuguna na roƙe ta don Allah a lulluɓe akwatin nan da zane, gitar kuma a tura ta ƙarƙashin gado. Inna ta dube ni ta daɗe, ba ta ce komai ba, ta ɗauko wani tsohon zanenta ta rufa, ta ɗora kwanon sha a kai ya zama kamar tebur. Baba ba ya nan, ya fita. Ni a tunanina shi ke nan an rufe magana.

A 2002 aikin su Baba ya tsaya, kamar yadda ya tsaya wa dubban magidanta a Kakuri da Nasarawa a waɗancan shekaru. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, injuna sun tsufa, ga kuma atamfa mai araha da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, yawanci daga Sin, an kwaikwayi zanen tamu har da tambari. Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya koma gadi, daga baya ya kafa tebur a ƙofar gida. A cikin wannan hali aka sa bikina a 2004. Amma wallahi da aka je jere babu wadda ta raina ni: gado da katifa sababbi, kabet cike da kwanuka da tangaran, kujeru uku, labule har da na ƙofa. Dangin miji suka yi ta sa albarka. Da na zo gida ganin farko na ga kusurwar ɗaki babu akwati, sai na ji daɗi a raina, na ce Alhamdu lillahi Baba ya girma ya bar abin nan. Ban tambaya ba. Amarya ba ta tambayar inda aka samo, ita dai ta ga ɗaki ya cika.

Shekara ashirin cif ina ɗauke da wannan wauta. Sai a farkon 2024, muna zaune da Inna muna lissafin kayan autarmu, ina ta kumfar baki wai lallai sai an yi mata gado na yayi, kada a raina mu. Inna ta bari na gama sannan ta ce, "Ke wai gadon da kika haifi 'ya'ya biyar a kansa, kin san da me aka saye shi?" Na ce da kuɗin sallamar Baba mana. Ta ce, "Wace sallama? Akwatin nan da kika sa na rufa wa zane, shi ne gadonki da katifarki da kabet ɗinki. Wani mai ba da hayar kayan kiɗa ya sayar wa a Sabon Tasha. A baro aka fitar da shi da asuba don kada ku gani. Ranar bai ci abinci ba."

'Yar'uwa, in ce miki na yi kuka ma ai rage zance ne. Daren nan na kwanta a kan gadon, don har yanzu shi ne, katifa kawai aka canza, na ji kamar a kan ƙaya nake.

Washegari na kira babban yarona, wanda ba na faɗin sunansa, don shi ne mai shige-shigen waya da kayan sauti, yana bin masu kiɗan biki yana ja musu waya. Na ce ya bincika mini wanda ya sayi akwatin. Ya yi sati biyu yana yawo, aka ce mutumin ya daɗe da barin gari, kayansa an watse da su. Na ce to a nemo irinsa. Ya buɗe waya ya nuna mini, ga su nan kuwa a Amurka da Ingila, masu fuskar azurfa irin na Baba, waɗanda aka ƙera tsakanin ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1980. Da ya juya mini kuɗin daga dala zuwa naira, ya ɗora na jirgi da na kwastan, sai na ce rufe wayar. Ko na sayar da gadon da kabet da ɗan kunnena na gwal ba su kama hanya ba. Ya ƙara da cewa ko an samu ma riƙonsa sai mai hali, don kwalaben nan ƙonewa suke kamar ƙwan lantarki, kuma yanzu ƙasashen da ake ƙera su ba su da yawa, Rasha ce da Sin da Sulobakiya. Ga wutarmu mai hawa da sauka.

Nan ne ya ce, "Umma, ai akwai feda." Na ce fedar keke? Ya yi dariya. Bari in faɗa miki yadda ya fahimtar da ni, da irin fahimtata ta mai tuƙa tuwo.

Ita gitar lantarki ba ta da murya ta kanta, in ba a jona ta ba ko daga tsakar gida ba za ki ji ta ba. Amfilifaya ne yake ɗaukar ɗan motsin tsirkiyar ya ƙara masa ƙarfi ya miƙa wa lasifika. Na da, da waɗannan kwalabe da ake ce wa bawul suke aiki, irin na tsohuwar rediyo. Daga baya aka samo taransisto, ɗan mitsitsi, ba ya zafi sosai, ba ya fashewa, ga araha, sai kowa ya koma kansa. Amma makaɗa suka lura da wani abu. Kwalaba in an matsa mata, a hankali take lanƙwasa sautin, ta tausasa bakinsa, ta ƙara masa kauri. Taransisto kuwa in ya kai iyakarsa datse sautin yake yi kamar an sa almakashi, sai ki ji yana ƙara kamar an yaga yadi. Wato dai bambancin shinkafar biki da aka dafa a murhun itace da wadda aka dafa a kan gas. Duk shinkafa ce, amma ɗaya tana da ƙamshin hayaƙi.

To a 1989 wani mutum a birnin New York, Andrew Barta, ya ƙera wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu biyu ba, ya sa masa suna SansAmp, ma'ana ba sai da amfilifaya ba. Babu kwalaba ko ɗaya a ciki, amma an tsara shi yadda zai lanƙwasa sauti irin yadda kwalaba take yi, ya kuma kwaikwayi muryar ita lasifikar tsohon akwatin. A 1998 wani kamfani, Line 6, ya fito da nasa mai suna POD, ja mai siffar ƙwayar wake, shi kuma da lissafin kwamfuta yake kwaikwayon akwatuna iri-iri. Daga nan sai masu araha suka biyo baya, su Behringer da Zoom da Joyo, har abin ya zo daidai aljihun talaka. Wanda yaron ya nuna mini na Joyo ne, ana ce masa American Sound, an yi shi don ya kwaikwayi wani Fender na 1957. Ana ajiye shi a ƙasa, makaɗi ya taka maɓallin da ƙafa, shi ya sa ake ce masa feda.

Na ce masa wato dunƙulen magi ke nan, ɗanɗanon nama babu nama. Ya ce kusan haka. Na ce to ai araha ba ta ado. Ya ce, "Umma, da babu fa?"

Kuɗinsa bai kai na turmin atamfa mai kyau ba, amma akwai sababbin tsirkiyu, da wayoyi biyu, da gyaran ita gitar da ta shekara ashirin a ƙarƙashin gado, ga kuma lasifikar da za a jona. Da aka haɗa lissafi sai ya cinye fiye da rabin kwasar adashena, wadda na yi wata goma ina zubi da niyyar sayen ƙaramin firji na gwanjo don sana'ar zoɓo da kunun aya. Na sami maigida da maganar bayan ya ci abinci, kin san ba a kai wa namiji magana da yunwa. Na faɗa masa komai, har zancen zane. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe gita ce a ƙarƙashin kwanon shan nan? Ai kowa a unguwa ya san Baba mai gita ne, mu ma mun sani kafin mu zo." Ka ji fa! Ashe ɓoyon da na yi na bayan tsintsiya ne. Ya ce kuɗina ne in yi abin da na ga dama, amma kada zafi ya zo in dame shi da zancen firji. Na ce na ji.

Daga kasuwar Alaba ta Legas aka saƙo fedar a motar haya, na hannu ce amma da lafiyarta. Lasifika kuwa irin mai cajin nan muka saya, mai taya da mariƙi, wadda masu tallan magani suke ja a kasuwa, don in an ɗauke wuta kada abu ya tsaya. A nan akwai abin lura ga wadda ɗanta ko ƙaninta yake wannan harka: irin wannan feda ba ta buƙatar amfilifayar gita, ta riga ta kwaikwayi muryarsa, don haka ta fi daɗi in an jona ta kai tsaye a miksa ko lasifika mai ƙarfin kanta.

Saura kaɗan murna ta koma ciki tun kafin a kai wa Baba. Fedar batir mai kusurwa huɗu take ci, mai bolt 9. Yaron nan da gaggawa irin tasu, ya ga batir bai zo da ita ba, sai ya zare adaftar dikodarmu ya soka mata. Ita kuwa bolt 12 ce, kuma kan wayar a juye yake, don yawancin fedoji tsakiyar ramin ne mara wuta, saɓanin kayan gida. Ina kicin na ji warin roba. Na fito na tarar da shi riƙe da kai. Ban zage shi ba, don bakina ma ya ƙi buɗuwa. Da safe ya kai ta Panteka wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, ya buɗe, ya ce Allah ya taimake mu wani ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa da aka sa don tsaro ya ƙone, ya tare wa sauran. Ya canza shi nan take. Ya kuma ba da shawara a riƙa amfani da batir, don adafta mai araha gurnani take sa wa sauti, kuma in an gama a zare wayar gita daga jikin fedar, in ba haka ba batir zai yi ta zuba ko an kashe.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar muka kai. Baba yanzu ya haura saba'in, kunnensa na hagu ya yi nauyi saboda ƙarar injin saƙa na kusan shekara talatin, ga tarin da ba ya rabuwa da shi. Yana zaune a tabarma ya ga jikansa ya shigo da gita a wanke tas da sababbin tsirkiyu, yana jan lasifika. Ya ce, "Kai ɗan nema, maganin basir ka fara sayarwa?" Yaron ya ce, "Tsoho, yau za mu ga ko da gaske kake ko cika baki ne." Ya jona komai ya miƙa masa.

Baba ya juya fedar a hannunsa, ya kai ta kusa da ido ya karanta ƙasan. Ya ce, "Sin." Ya yi wata 'yar dariya da ban so ba. "Su suka kwaikwayi atamfarmu suka kore mu daga aiki, yanzu kuma sun kwaikwayi akwatina sun aiko mini." Ban sami abin cewa ba, don gaskiya ya faɗa. Na daɗe ina tsine wa kayan kwaikwayo, ga shi yau da kuɗin adashena na sayo.

Bugun farko bai yi daɗi ba ko kaɗan. Yaron ya murɗe komai sama irin na 'yan zamani, sai ga wata ƙara kamar ana yanka kwano. Baba ya yamutsa fuska ya ce a miƙo masa nan. Maɓallan murɗawa shida ne a jiki: uku na daidaita kauri da tsakiya da kaifin sauti, ɗaya na ƙarfi, ɗaya na canza launin murya, ɗaya kuma wanda aka rubuta Drive a kansa shi ne na zafi. Bai iya karanta su ba sai da aka gaya masa, amma kunnen nan guda ya ishe shi. Ya mayar da na zafi ƙasa can, kaɗan ya bari, ya ce su a zamaninsu ba sa son sauti ya fashe sai in an daki tsirkiya da ƙarfi. Ya rage kaifi. Ya ɗan ƙara tsakiya. Ya mayar da makunnin jikin gitar zuwa na kusa da wuya, ya ajiye ɗan robar bugu ya sa babban yatsa. Ya sake bugawa.

Inna tana tankaɗe a ƙofar kicin, sai na ga ta ajiye rariya.

Ya yi kamar minti biyar yana lalube, yatsun sun yi tauri, kantar da ke bakinsu ta daɗe da gogewa. Sannan ya tsaya ya ce babu rijiya. Ashe ita jelar nan da nake ji tun ina yarinya, wasu siraran sifirin ne na ƙarfe a cikin wani dogon kwano a gindin tsohon akwatin, sauti yana bi ta cikinsu yana karkarwa ya dawo. Wannan fedar ba ta da shi, sai dai a sayi wata daban. Yaron ya ce akwai maɓallin amsa-kuwwa a jikin lasifikar, wanda masu talla suke ƙurewa. Aka ɗan buɗe shi kaɗan, kamar yadda ake barbaɗa gishiri. Baba ya gyaɗa kai ya ce a bar shi nan.

Daga nan ya kama wani kiɗa da suke buɗe wasa da shi a da. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Maƙwabciyarmu Maman 'yan biyu, Bajju ce, mijinta tare suka yi aiki da Baba kafin ya rasu, sai ga ta ta leƙo da kumfar wanki a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba ba ta koma ba.

Da ya gama na ce, "Baba, shi ne?" Ya ce, "A'a. Kama da wane ba ta wane. Wancan in na buga, iska ce take dukan ƙafar wandona, kuma yana amsa mini, in na lallaɓa ya lallaɓa, in na matsa ya yi gurnani. Wannan ɗan ƙanin babansa ne. Amma jininsu ɗaya, duk wanda ya san gidan zai gane shi." Ya ce kuma sababbin tsirkiyun sun cika surutu, a ba su sati biyu su sha gumi za su natsu.

Ni a nawa ganin, da kunnen da ba na makaɗa ba, rabin abin da muka ji ranar ba daga fedar ya fito ba. Da yaron ya karɓa ya buga, ba a taɓa ko maɓalli ɗaya ba, sai sautin ya zama wani abu daban, na yara. Saboda haka wadda ɗanta ya zo mata da zancen wai sai an saya masa na dubu ɗari kaza kafin ya iya, ta ce masa ya fara da mai araha, hannu ne gaba. Amma kuma ba zan yi miki ƙarya in ce fedar ba ta yi komai ba. Mun zare ta mun jona gitar kai tsaye a lasifika don mu gwada, sai sauti ya fito siriri, a bushe, kamar miyar da ba daddawa.

Bayan magariba kowa ya watse, saura ni da shi. Na matsa kusa da kunnensa na dama na ce, "Baba, Inna ta gaya mini zancen gado. Ka yafe mini." Ya ce, "Wane gado? Gadon da ya ba ni jikoki biyar? Ai ni na ci riba. Akwatin da yana nan da yanzu kwalabensa sun mutu, ɓeraye sun yi gida a ciki." Ya yi tari, ya ɗan jima yana shafa wuyan gitar. Sannan ya ce, "Sayarwar ba ta dame ni kamar yadda uwarki take zato ba. Zanen nan ne. Na dawo ɗaukar hulata ranar, na gani, na juya."

Na buɗe baki in yi magana, ya ɗaga mini hannu. Ya ce in tashi in tafi gida dare ya yi, kada maigidana ya ga kamar an riƙe masa mata.

Zafin shekarar ya zo ya wuce ban sayi firji ba, ƙanƙara nake saye a maƙwabta ina sa wa zoɓona, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Maigida ya cika alkawari bai ce komai ba, ni ma na cika nawa. Duk sati biyu ina aika wa Baba batir ɗaya tare da goronsa. Kanta ta dawo masa a yatsu. Yaran gidan hayar su uku suna zuwa koyo bayan makaranta, ɗaya mace ce, 'yar shekara goma sha biyu, ya ce ta fi mazan kunne.

Da aka sa ranar da dangin mijin auta za su kawo kaya, na je da sassafe taya Inna gyaran ɗaki. Gitar tana jingine a kusurwar da akwatin yake a da, fedar a ƙasa, lasifika a gefe. Inna ta tsaya riƙe da tsintsiya, ta dubi kusurwar, ta dube ni, ta ce, "To, in ɗauko zane?" Na ce a'a, a bar su yadda suke. Na sa tsumma na goge ƙurar da ke kan fedar, na ga Baba ya sake mantawa da wayar a jiki, na zare ta na naɗe na rataye a wuyan gitar.